Azumin tiyata, reza da ƙidayar numfashi: wanne ke da hujja, wanne gado ne kawai?

Fuseini: Assalamu alaikum iyaye da yayye. Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. A makaranta ana nanata mana cewa aikin jinya ya tsaya kan hujjar bincike, amma a ɗakunan majinyatan tiyata da yawa abubuwa uku sun zama kamar farilla: ba ci ba sha daga ƙarfe 12 na dare, a aske wurin yanka da reza tun da dare, sannan a ci gaba da allurar kashe ƙwayoyin cuta kwana 5 bayan aiki. A cikinsu wanne ne bincike ya goyi bayansa?

Malam Alhassan: Wa alaikumus salam. Bari in ɗauki na farko tunda ɓangarenmu ne na masu sa barci. Tsoron yana da asali. A 1946 wani likita a New York, Curtis Mendelson, ya yi bayanin matan da abin cikinsu ya kwarara zuwa huhu lokacin da aka sa su barci wajen haihuwa. Wanda aka sa barci ba ya tari, ba ya haɗiya, to in ciki cike yake sai abinci da ruwan ciki mai tsami su taso su faɗa hanyar iska. Wannan gaskiya ne har gobe.

Inda aka kuskure shi ne haɗa ruwa da tuwo a hukunci ɗaya. Ruwa zalla ba ya zama a ciki, cikin awa 2 ya wuce zuwa hanji. Tun 1999 ƙungiyar likitocin sa barci ta Amurka ta fitar da ƙa'idar da yawancin duniya ke bi yanzu: ruwa garau har zuwa awa 2 kafin aiki, nonon uwa awa 4, madara da abinci mara nauyi awa 6, abinci mai maiƙo ko nama awa 8. Gwaje-gwajen da aka tattara sun nuna wanda ya sha ruwa awa 2 kafin aiki cikinsa bai fi na wanda ya kwana da ƙishirwa cika ba.

Mumuni: Malam, "ruwa garau" ɗin nan fa shi ne rigimar. Ka ce wa tsohuwa daga Aboabo tana iya shan ruwa-ruwa, jikarta ta kawo mata koko a leda da asuba.

Malam Alhassan: Shi ya sa ba a faɗa a dunƙule. A kira abin da sunansa. Fiya wata, e. Shayi ba madara, e. Ruwan sukari ko lemon kwalba da kake hango ƙasan kofi ta cikinsa, e. Koko abinci ne, awa 6. Milo da madara, awa 6. Fura da burkina ma haka, don nono yana daskarewa a ciki ya zama kamar tuwo. Waakye da nama da shito, ko tuwon zafi da miya mai mai, awa 8. Ma'aunin mai sauƙi ne: in ka ɗaga kofin gilashi ba ka ganin yatsanka ta bayansa, ba ruwa garau ba ne.

Yanzu ku lissafa abin da dokar sha biyun dare ke jawowa. Majinyaci ya ci abincin ƙarshe ƙarfe 7 na yamma, shi ne na biyar a jerin masu aiki, ba a shiga da shi ba sai ƙarfe 2 na rana. Awa 19 ke nan ba abinci, awa 14 ba ruwa, a zafin watan Maris. Jijiyoyi sun lafe, sai an soka sau uku kafin a sami kanula. Ana yi masa allurar baya ta kashe zafi awon jininsa ya faɗi warwas. Mai ciwon sukari sukarinsa ya sauka ƙasa da 4. Tsoho ya rikice. Mai sikila kuwa rashin ruwa na cikin manyan abubuwan da ke tayar masa da ciwo, kuma kusan jarirai 2 cikin 100 a Gana da sikila ake haihuwarsu. A nan Kumasi ma aka fara gwajin jarirai a 1995, to ba baƙon abu ba ne a gadajenmu.

Hajiya Memuna: Alhassan, duk abin da ka faɗa na yarda da shi a takarda. Amma waɗanda suka kafa dokar sha biyun dare ba wawaye ba ne. Jerin masu aiki a wurinmu ba ya tsayawa wuri ɗaya. An ce mutum ƙarfe 1 ne, ka ba shi ruwa ƙarfe 10, sai na biyu a jeri aka tarar jininsa bai kai ba, aka ce a kawo naka yanzu. Ka ce ya sha ruwa, a ɗage aikinsa zuwa mako mai zuwa, mutumin da ya taho tun daga Ejura ya kashe kuɗin mota da na kwana. Wa zai ɗauki laifin? Nas. Doka ɗaya ga kowa ba ta da daɗi, amma ba ta rikicewa a hannun ma'aikaci biyu da majinyata 30.

Malam Alhassan: Hajiya, wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da ake da ita, kuma ba ta ilimin jiki ba ce, ta tsarin aiki ce. To a gyara ta da tsari. Kowa da ke jerin gobe, in ba a cire shi da suna ba, ya daina abinci ƙarfe 12 na dare kamar da, amma a ba shi ruwa har ƙarfe 6 na safe, tunda ba a fara yanka kafin 8. Ba wanda wannan zai ɓata wa jeri. Ƙarfe 8 incaji ta kira tiyata ta ji wa da wa ba za a taɓa ba kafin azahar, a ƙara musu rabin leda, mililita 250, a rubuta lokaci a folda. Mai sukari a sa shi farkon jeri, a riƙa auna sukarinsa.

Waɗanda ba sa cikin wannan sassauci: duk aikin gaggawa, toshewar hanji, hanjin da taifot ya huda, mai amai, mai ciwon da ke hana ciki saukewa, wanda ya yi hatsari bayan ya ci abinci. Su cikinsu a cike muke ɗaukarsa ko sun kwana uku ba su ci ba.

Kuma Fuseini, kada gobe ka je ka fara raba fiya wata da kanka ka ce ka karanta. Sai mai sa barci da likitan tiyata da incaji sun amince, an rubuta an manna a bango.

Hajiya Memuna: In har a rubuce yake da sa hannu, ba ni da ja. Abin da ba na so shi ne yaro ya ɗebo da zafi a bar shi da bakinsa.

Sista Rukaya: Ni bari in shiga maganar reza. Wannan kam babu wani kare ta da za a yi. Reza tana barin ƙananan tsaga a fata da ido ba ya gani. In da dare aka yi askin, ƙwayoyin cutar da ke zaune a fatar mutum sun sami awa 10 ko 12 suna hayayyafa a cikin tsagar nan, ga zufa ga ɗumi, sai da safe a zo a yanka daidai wurin. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016 kan kare miki daga ruɓewa ta ce kada a cire gashi sam, in kuma dole ne a yi da kilifa, wato injin aski, reza kuwa an hana ta ko a ɗaki ko a tiyata. Tattara gwaje-gwaje da Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken lafiya, ta yi ya zo daidai da haka: masu reza sun fi masu kilifa kamuwa.

Gashi ba datti ba ne. Dalilin cire shi kawai in zai shiga ɗinki ko zai hana filasta kamawa. To a rage iyakar wurin, ranar aikin, dab da shiga.

Mumuni: Ina kilifar take? Ta masu aski a Kejetia za mu aro?

Sista Rukaya: Ka yi dariya, amma akwai masu yin haka, kuma an gudu gara an faɗa gidan zago. Kilifar shagon aski ana saita bakinta ne ta ci har fata, tana yanka kamar reza. Ta tiyata tana barin ɗan toho, kuma kanta ana cirewa a yar ko a tsabtace tsakanin mutum da mutum. Kai ɗaya ga mutum goma hanya ce ta ciwon hanta nau'in B, wanda kun san yadda yake da yawa a ƙasar nan. Inda babu kilifa, almakashi mai tsabta ya isa a rage tsawon gashin. Kuma a gaya wa majinyaci tun ranar da aka ba shi rana kada ya yi aski a gida, don mata da yawa masu zuwa aikin haihuwa sun riga sun aske kafin su iso, suna ganin tsabta ce.

Maganar allura kuwa, Fuseini, lokaci ne duka sirrinta. Ana son maganin ya cika a jini sa'ad da wuƙa ta taɓa fata. Hukumar ta ce cikin minti 120 kafin yanka, kuma magungunan da ba sa daɗewa a jini irin su sefuroksim an fi so cikin minti 60. Kuskuren da aka saba shi ne a yi allurar ƙarfe 6 na safe lokacin rabon magani, a yi aikin ƙarfe 1. Maganin ya riga ya fita ta fitsari. Wurin yin ta tiyata ne, ba ɗaki ba. Bayan an rufe miki, ci gaba da ita kwana 5 don rigakafi bai rage ruɓewa ba, sai dai ya cinye kuɗin majinyaci ya koya wa ƙwayoyin cuta taurin kai. A bambanta fa: wanda aka buɗe aka tarar da mugunya ko hanji a huje, nasa magani ne ba rigakafi ba, zai ci gaba.

Zenabu: To ni ga tambayata. Duk waɗannan a ƙasashen Turawa aka gwada. Ɗakin tiyatarsu ba ƙura, ba ɗauke wuta, nas ɗaya majinyaci huɗu. Me ya sa za mu ɗauka abin da ya yi aiki can zai yi a Asawase?

Anti Ayishetu: Zenabu, tambayarki ita ce zuciyar maganar, kuma amsar tana da daɗi don an gwada a nan. Ƙa'idar 2016 ɗin da Rukaya ta ambata ta ba da shawarar wanke fata da kuloheksidin mai sifirit, da kuma zaren ɗinki mai maganin kashe ƙwayoyin cuta. Duka biyun sun fi tsada. Sai aka yi gwajin FALCON a ƙasashe 7: Gana, Najeriya, Benin, Ruwanda, Afirka ta Kudu, Indiya da Meziko. Majinyata 5,788 da aka buɗe wa ciki, aka raba su ta ƙuri'a. Sakamakon ya fito a mujallar Lancet a 2021: kuloheksidin bai fi aidin ba, zare mai magani bai fi zaren da aka saba ba. Kusan mutum 22 cikin 100 mikinsu ya ruɓe, kowanne aka yi musu amfani da shi.

Masu binciken nan dai suka sake wani, ChEETAh, aka buga a 2022, a ƙasashen nan 7, mutum 13,301. Abin da aka gwada ba shi da wani ƙyalli: kafin a fara rufe bangon ciki, kowa a teburin ya canza safar hannu, a ɗauko kayan ɗinkin da ba a taɓa ba tun farkon aikin. Ruɓewar miki ta sauko daga kashi 18.9 zuwa 16.0 cikin 100.

To kin ga abu biyu. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana iya faɗuwa in an gwada ta a wurinmu. Kuma abin da ya ci jarrabawar shi ne mai arha.

Fuseini: Anti, daga 18.9 zuwa 16 ai kamar ba wani abu ba ne.

Anti Ayishetu: Ƙanena, koyi wannan lissafin, zai raba ka da ruɗin masu tallar magani. Bambancin 2.9 ne cikin 100. Raba 100 da 2.9, ka sami kusan 35. Ma'ana duk mutum 35 da aka yi wa canjin safa da kayan aiki, an tsirar da ɗaya daga ruɓewar miki. Asibitin da ke buɗe ciki 700 a shekara ya tsirar da mutum 20. Kowane ɗaya a cikinsu makonni ne na wankin miki, gado a tare, kuɗin gozi da magani, wani lokaci komawa tiyata a sake ɗinki. Kuɗin safa nawa ne?

Wani zai ba ka wannan sakamakon ya ce "ya rage ruɓewa da kashi goma sha wani abu". Bai yi ƙarya ba, amma ka tambaye shi daga nawa zuwa nawa. Tambayoyi huɗu nake so ɗalibi ya yi wa kowace takarda: su wa aka gwada, sun yi kama da masu kwanciya a gadona? Me aka yi musu? Da me aka gwama? Me aka auna, mutuwa da ruɓewa ko wata lamba ta ɗakin gwaji? In ba a raba mutane ta ƙuri'a ba, ka yi taka-tsantsan, don mai yiwuwa waɗanda suka sami sabon abin dama sun fi lafiya.

Sista Rukaya: Ga yadda ake canjin safa da kayan ɗinkin a aikace, don aikin nas ɗin teburi ne. Tun kina shirya tire, ki ware mariƙin allura, hantsaki da almakashi, ki naɗe su a tsumma mai tsabta a gefe. Ba a buɗe su sai an gama ƙirga gozi da kayan aiki. Sannan ki ce a canza safa, kowa da kowa har babban likita. Wanda ya sa biyu ya cire ta sama ya sa sabuwa. Inda abin ke lalacewa shi ne a tsakiyar aiki wani ya miƙa hannu ya ɗauki almakashin da aka ware. Da ya taɓa shi, ya tashi daga sabo.

Masu amfani da abin wanke fata mai sifirit kuma su bar shi ya bushe sarai, kamar minti 3, kada ya taru a cibiya ko ƙarƙashin baya. Na'urar ƙona jijiya tana kunna masa wuta.

Hajiya Memuna: Kun daɗe a tiyata. Ku fito ɗaki, can ake mutuwa.

Anti Ayishetu: Hajiya ta faɗi abin da babban binciken Afirka ya samo. ASOS, an buga a 2018: mutum 11,422 a asibitoci 247 na ƙasashe 25, har da Gana. Majinyatanmu sun fi na sauran duniya ƙuruciya da ƙarancin cututtuka, amma haɗarin mutuwarsu bayan aiki ya ninka biyu. Kashi 2.1 cikin 100 suka rasu, kuma kashi 94 cikin 100 na mace-macen ba ranar aikin suka faru ba, a kwanakin da suka biyo baya ne. Wato matsala ta taso, ba a gan ta da wuri ba, ko an gani ba a sami mai zuwa ba.

Zenabu: A nan ne nake da abin faɗa. Cikin duk awon da muke yi, wanda ya fi saurin tona asirin mai taɓarɓarewa shi ne numfashi, kuma shi ne aka fi rubutawa da ka. Buɗe takardar awo ka ga 20, 20, 18, 20 daga sama har ƙasa. Ba jikin ɗan Adam da ke haka. Awon jini yakan tsaya daidai har sai abu ya yi nisa, musamman a matashi, don jiki yana matse jijiyoyi ya riƙe shi. Numfashi kuwa tun farko yake hawa, ko jini ke zuba a ciki, ko ɗinkin hanji ya saki, ko huhu ya kamu.

A ƙirga minti ɗaya cur da agogo, hannunka a wuyan hannunsa kamar bugun jini kake ji, don in ya san numfashinsa ake ƙirgawa zai canza shi. Daga 12 zuwa 20 daidai ne. A ma'aunin NEWS2 na Ingila, wanda ke ba alamun haɗari maki, 21 zuwa 24 maki 2 ne, 25 zuwa sama maki 3. Bugun zuciya 111 zuwa 130 maki 2. Awon jini na sama 91 zuwa 100 maki 2. Jimla ta kai 5, a kira likita yanzu kuma awo ya koma kowace awa. Ta kai 7, gaggawa ce. Ɗauki mutum kwana 3 bayan aikin hanji: numfashi 24, bugu 115, awon jini 100. Kowanne shi kaɗai za ka ce da sauƙi, haɗe kuwa maki 6 ne. Ƙara da fitsari: ƙasa da rabin mililita ga kowane kilo a awa, wato mai kilo 60 bai kai mililita 30 ba, akwai magana.

Mumuni: Ai yanzu ɗan abin yatsa mai auna iskar jini ya hutar da mu. In ya nuna 95 shi ke nan.

Malam Alhassan: Kul, Mumuni. Na'urar haske take harbawa ta cikin fata, kuma launin fata yana shafar karatunta. A 2020 an buga binciken Jami'ar Michigan: cikin lokutan da ta nuna 92 zuwa 96, awon jinin jijiya ya nuna iskar ta yi ƙasa da 88 a kashi 11.7 na baƙaƙen fata, fararen fata kuwa 3.6. Sama da ninki uku. Mu kusan duk majinyatanmu a rukunin farko suke. Ƙara da yatsa mai sanyi, awon jini da ya faɗi, jan farce, baƙin lalle, ko hasken rana a kan na'urar. In ta ce 94 amma mutum yana numfashi 30 yana kasa ƙarasa magana, mutumin za ka gaskata. Duba cikin leɓe da harshe, ka sa masa iska, ka kira.

Hajiya Memuna: Duk wannan ƙirge-ƙirgen hannu yake so. Ayishetu, faɗa musu abin da ya faru da aka gwada ƙara sa ido, kada a ce tsohuwa ce ke gardama.

Anti Ayishetu: Gaskiyarki Hajiya. ASOS-2, 2021. Aka ce majinyata masu haɗari a kwantar da su kusa da teburin nas, a ƙara yawan awo, a bar ɗan'uwa ya zauna da su, a rataya takardar alamun haɗari a gadon. Mutuwa ba ta ragu ba. Asibitoci da yawa ba su iya aiwatar da tsarin yadda aka so ba, kuma ganin matsala ba shi ne maganinta ba in babu jini, babu iska, babu gadon kulawa ta musamman, babu likitan da zai zo ƙarfe 3 na dare. Ita ma hujja ce, ba a ɓoye ta don ba ta yi mana daɗi ba. Aikin mai bincike Linda Aiken a Amurka a 2002, da wanda ta sake a Turai a 2014, ya nuna duk ƙarin majinyaci ɗaya a kan nas yana tafiya da ƙarin kashi 7 cikin 100 na yiwuwar mutuwa cikin kwana 30. Wannan takarda ce ta kai wa masu ɗaukar ma'aikata, ba ta ɗora wa nas laifi ba.

Ban karanta ASOS-2 a matsayin a daina ƙirga numfashi ba. Na karanta shi a matsayin maki ba shi da amfani sai an rubuta wa za a kira, cikin minti nawa zai zo, in bai zo ba wa ke gaba da shi.

Zenabu: Irin wannan karatun ake so a gyambon kwanciya ma. Littattafai suna cewa alamar farko jan da ba ya gushewa in an danna. A fatarmu ina jan? Sai dai wurin ya fi kewayensa duhu ko ya yi shuɗi-shuɗi, ya yi ɗumi ko sanyi, ya yi tauri ko taushi, ko majinyaci ya ce yana masa zafi. Da bayan hannu ake dubawa, da haske mai kyau, ba da fitilar waya daga bakin gado ba. Ƙugu, diddige, kwatangwalo, ƙeya, da bayan kunne inda robar iska ke bi.

Akwai gwajin 2013 a gidajen tsofaffi na Amurka da Kanada da ya nuna juyi kowace awa 2, 3 ko 4 duk ɗaya ne. Kada wani ya kawo mana shi. A kan katifa mai kauri ta musamman aka yi. Katifar da ta lotse, ga leda a kai, ga zufa, awa 2 ɗin nan dai. A karkata mutum kaɗan da filo a bayansa maimakon a ɗora shi kan ƙashin kwatangwalo, filo a ƙarƙashin sha-raba don diddige ya rataya a iska. A daina murza wurin da sifirit da hoda, murzar tana ƙara yaga naman da ya riga ya wahala. Zoben roba da safar hannu mai ruwa a ƙarƙashin diddige su ma a bar su.

Mumuni: Kanula fa, har yanzu kwana 3 a cire?

Sista Rukaya: Gwajin Ostareliya na 2012, mutum 3,283: masu canji bisa kwana da masu canji sai da dalili, kumburin jijiya kashi 7 cikin 100 a kowane ɓangare. Amma sharaɗinsa a duba wurin kowane canjin aiki, a rubuta. In filasta ta rufe bakin ruf ba mai gani, ba ka cika sharaɗin ba. Zafi, kumburi, tauri ko yoyo, a cire. Wadda aka sa cikin gaggawa ba tsabta, kada ta wuce awa 48. Wadda ba a amfani da ita, a cire yau. Robar fitsari ma haka: kowace safiya a tambayi me ya sa take nan, jaka ƙasa da mara amma ba a kan daɓe ba.

Fuseini: Na gode ƙwarai. In mutum yana so ya fara a ɗakinsu, ta ina?

Anti Ayishetu: Abu ɗaya, ba biyar ba. Ɗauki azumi tunda ba ya cin ko sidi ɗaya. Nemi izinin incaji, ka ja layi huɗu a takarda: lokacin abinci na ƙarshe, lokacin ruwa na ƙarshe, lokacin shiga tiyata, da ko an ɗage aikin. Ba suna, lambar jeri kawai. Mutum 30 a jere, kada ka zaɓa. Ka fitar da matsakaicin awannin, ka kai taron ɗaki tare da ƙa'idar a buge. In an amince da ruwan ƙarfe 6, bayan wata 2 ka sake ƙirga wasu 30, har da yawan waɗanda aka ɗage saboda sun sha wani abu, don shi ne tsoron Hajiya kuma dole a amsa shi da lamba.

In miki za ka bi, ka tuna ana ƙirga ruɓewa har kwana 30 bayan aiki, kuma da yawa a gida take bayyana, mutum ya tafi kemis ko ƙaramin asibitin unguwa ba ku ji ba. Sai da kiran waya a rana ta 30, in ba haka ba lambarka za ta yi kyau na ƙarya.

Hajiya Memuna: Ka ƙara layi na biyar, Fuseini: wa ya yi wa majinyacin bayani, kuma da wane harshe. Rabin masu shan koko da asuba da Turanci aka gaya musu.

Malam Alhassan: Zan rubuto jerin abin sha da na ci da awanninsu da Hausa. Wa zai mayar da shi Twi da Dagbani?

Zenabu: Twi ɗin bar mini. Mumuni, Dagbani naka ne, kuma kada ka manta da burkina.